Kafin Mu Sake Kai Amarya Suwizalan

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma da ni da 'yan uwana marubuta nake.

Littafin soyayya nawa kuka karanta wanda da an ɗaura aure sai ango ya ɗauki amarya zuwa Suwizalan cin amarci? Daga nan sai shafi uku ana jifan juna da dusar ƙanƙara ana dariya. Ban cire kaina ba. A wani littafina na fitar da jarumata kan tsauni cikin watan Janairu da leshi da gyale, ta wuni tana yawo ko atishawa ba ta yi ba. Sai wata mai karatu da ke zaune can ta rubuto mini, ta ce, "Anti, da gaske ne da gawar yarinyar nan za a dawo." Na ji kunya ƙwarai, amma ta fi ni gaskiya.

Ai mun san inda muka samo wurin. A fim ɗin Indiya ne. Yash Chopra ya yi ta kai 'yan wasansa can suna rawa da sari cikin ƙanƙara, har mutanen Interlaken suka kafa masa mutum-mutumi a 2016. Mu kuma muka kwafo hoton, muka bar tsaunin.

Da na zauna na karanta, sai na ga ashe tsaunukan Alps ba na Suwizalan kaɗai ba ne. Jeri ne mai tsawon kilomita wajen 1,200, ya ratsa ƙasashe 8, daga Monako da Faransa ya lanƙwasa ta Italiya da Suwizalan da Jamus da Ostiriya har Siloveniya, da 'yar ƙaramar Liechtenstein a tsakiya. Kowane yanki da kamarsa. Dolomites na Italiya duwatsu ne masu haske a tsaitsaye kamar katanga, tsaunukan Bern kuwa can ne kogin ƙanƙara mafi girma yake, wato Aletsch. Wanda ya fi kowa tsayi, Mont Blanc, yana kan iyakar Faransa da Italiya, ya haura mita 4,800. Ku kwatanta da Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu kamarsa a Najeriya, mita 2,419 ne. Kuma masana sun ce ɓangaren ƙasa na Afirka ne ya yi ta tura na Turai shekaru miliyoyi har ƙasa ta tattare ta yi sama.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne labaran da muka bari a ƙasa. A 1865 mutum 7 suka fara hawa ƙololuwar Matterhorn, cikinsu har da Edward Whymper ɗan Ingila. Wajen saukowa ɗaya ya zame, ya ja uku, igiya ta tsinke, huɗu suka halaka, uku suka koma garin Zermatt ana ta yi musu kallon zargi, wai ko yanke igiyar aka yi. Don Allah wace kishiya ce ta kai wannan sarƙaƙiya? A 1991 kuma wasu mata da miji Jamusawa suna yawo kusa da iyakar Ostiriya da Italiya suka tsinci gawa a ƙanƙara, ashe ta shekara fiye da 5,000 a nan, daga baya aka gano kan kibiya a kafaɗarsa. Kisan kai ne da har yau ba a san mai yi ba.

Ita kanta ƙanƙarar da muke yi wa kirari tafiya take yi. A 2022 da 2023 kaɗai Suwizalan ta rasa kashi 10 cikin 100 na ƙanƙarar tsaunukanta saboda zafi. A Yulin 2022 wani ɓangare na ƙanƙarar Marmolada ya ɓalle ya kashe mutum 11. A Mayun 2025 dutse da ƙanƙara suka rufto suka binne ƙauyen Blatten, Allah Ya sa an kwashe mutanensa wajen 300 kwanaki kaɗan kafin nan. Mutane ne masu shanu da tumaki da gidajen gado, rana ɗaya suka wayi gari babu ƙauye.

Wata za ta ce ai ƙagaggen labari ne, mai karatu nishaɗi take nema ba darasin makaranta ba. Na yarda, kuma ban ce sai mun je da ƙafarmu ba, nawa ne cinikin littafin ma? Amma yarinyar da ta sayi littafina da kuɗin kitsonta ta yarda da ni ne, abin da na faɗa mata shi za ta riƙe. Yanzu ga intanet a waya, ba irin da ba da sai mu tambayi wanda ya dawo daga Turai.

Littafin da nake rubutawa yanzu ma akwai tafiya can. Na saya wa amaryar rigar sanyi da takalmi mai kauri, na kuma sauke su a jirgin ƙasa, tunda ba a shiga Zermatt da mota.