Motar Da Ba Ta Gyaruwa A Kamba Ba Motar Daji Ba Ce

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku bi shi har ƙarshe, musamman direbobi, makanikai da 'yan'uwana ma'aikata.

Tun 2021 da kamfanin Toyota ya fitar da Land Cruiser 300, ya cire injin V8 ya sa V6 mai turbo biyu, masoya manyan motocin jif suka rabu gida biyu, kuma har yau gardamar ba ta mutu ba. Wasu na cewa an lalata gado, an ɗauki jakin aiki an yi masa kwalliyar amarya, an cika shi da allo da na'urori. Wasu kuma na cewa tsofaffi ne kawai ke kukan zamaninsu, sabuwar ta fi ƙarfi, ta fi gudu, ta rage shan mai. In ka saurare su sai ka ce gardamar Madrid da Barcelona ce. To ni dai a ganina, ga mutumin Dole Kaina da Lolo da Kamba da Illo da Bagudo, maganar ta wuce ta sha'awa. Magana ce ta wace mota za ta ɗauki mai naƙuda cikin ruwan Agusta nan da shekara goma, kuma wa zai gyara ta in ta tsaya a hanya.

Abin bai tsaya ga Toyota ba. A watan Janairun 2016 aka daina ƙera tsohuwar Land Rover Defender a Ingila, wadda iyayenmu suka sani da joji da likitan dabbobi da malamin gona. Da sabuwarta ta fito a 2019, sai ga ta babu tsohon shasin nan na ƙarfe da ake ɗora jiki a kai, ta koma motar masu kuɗi. Abin ya ba wani attajirin Ingila haushi, Jim Ratcliffe, wanda 'yan Manchester United suka sani yanzu, har ya kafa nasa ɓangaren ƙera mota ya fitar da Ineos Grenadier don ya maido da irin ta da. Mitsubishi ya rufe babin Pajero a 2021. Nissan ya nuna sabuwar Patrol a Abu Dhabi a watan Satumbar 2024, ita ma an sauke V8 an sa V6 mai turbo. Sabuwar Prado da aka nuna a 2023 kuwa sitiyarinta na lantarki ne, kuma a Amurka da batiri da motar lantarki take taimaka wa injinta. Kowa dai hanya ɗaya ya nufa: ƙaramin inji da ake matsa wa lamba, da kwamfuta mai lura da komai.

Ba hauka suke yi ba, suna da dalilinsu. Na farko dokokin hayaƙi. A 2023 Tarayyar Turai ta amince da dokar da ta nufi raba sababbin motoci da hayaƙi daga 2035, ko da yake ana ta ja-in-ja a kanta. Na biyu kasuwa. Wanda ke sayen waɗannan motoci dal a leda yana Amurka ko Dubai ko Sin, kuma mafi yawansu tayarsu ba ta taɓa barin kwalta. Abin da yake so kujera mai sanyi, kyamara ta ko'ina, da allo kamar na falo. In ta yi tari, gareji na kamfani na kusa da gidansa, kuma kafin ta tsufa ya sayar. Gaskiya mai ɗaci ita ce, lokacin da suke zana motar nan babu wanda ya tuna da mu.

Amma fa mu ne magada. Wani rahoto da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo. Mu da ke bakin iyaka ba sai an ba mu labari ba. Mun san hanyar Kwatano zuwa Parakou zuwa Kandi zuwa Malanville, mun san yadda kasuwar take kafin a hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga farkon 2017. Ko ta ruwa ko ta tudu, motar da ake yi wa talla yau a ƙasashen can ita ce za ta zama 'yar Kwatanonmu nan da shekara goma ko sha biyu. Za ta iso mana ta gaji, garantinta ya ƙare, wayoyinta sun bushe. Saboda haka wanda ya ce ina ruwan talaka da gardamar V8, bai hango gaba ba.

Mu dubi abin da motar za ta tarar a nan.

Na farko hanya. Mu mutanen bakin Kwara ne. Da rani yashi, da damina laka da taɓo, fadama ta cika ta haɗiye burji. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san yadda garuruwa suka yanke, hanyoyi da gadoji suka tafi tare da shinkafa. Tsohuwar jif in ta shiga ruwa, muddin bai shiga inji ba, ta fita. Ta zamani kuwa a ƙarƙashinta akwai sensa da soket da wayoyi bila adadin. Ɗaya ya jiƙe, kwamfuta ta rage wa inji ƙarfi ko ta hana shi tashi baki ɗaya, alhali babu abin da ya karye.

Na biyu mai. Injin gas na zamani yana fesa mai da matsin da ya ninka iskar taya sau ɗaruruwa, ta ƙofofin da suka kai siririn gashi. Ɗan ruwa ko ƙura a cikin mai ya isa ya kashe injekta da famfo. Ga kuma matatar hayaƙi da ke toshewa in man yana da sinadarin sulfur da yawa. A 2020 ƙasashen ECOWAS sun amince a rage sinadarin nan a man da ake sayarwa, amma yarjejeniya a takarda daban, abin da ke cikin jarka daban. Ku tuna a watan Nuwamban 2019 an hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, muka koma hannun 'yan bumburutu gaba ɗaya. Ku tuna kuma da gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo da shi ƙasar nan a watan Fabrairun 2022, ya lalata motocin mutane har a Abuja da Legas. In haka ta faru a gidan man birni, ina ga na galan a bakin hanya?

Na uku gyara, kuma nan ne zuciyar maganar. Bakaniken garinmu da kunne yake gane ciwon inji. Ka ba shi sifana da guduma da inuwar dogonyaro, zai tayar maka da tsohuwar Hilux ko da sassaƙa abin zai yi. Amma ka kai masa wadda fitila ta kama a allo, sai ya zagaya ta sau biyu ya ce maka, "Alhaji, wagga ba tamu ba ta, sai dai a tahi da ita Birnin Kebbi, in ta ƙiya a wuce Sakkwato." Daga nan sai kuɗin janwe, sai jiran kaya daga Legas ko Dubai, sai dala ta tashi kafin kayan su iso. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san bayan ofis ɗin nan da ake jera motoci a kan duwatsu. Da yawansu jikinsu garau, fenti bai ko dushe ba, wani ɗan abu ne da bai kai tafin hannu ba ya kwantar da su. Motar rigakafi ce, motar asibiti ce, motar duba makarantu ce. Ranar da ta kwanta, aikin ma ya kwanta, kuma mutanen ƙauye ne ke biyan kuɗin da lafiyarsu.

To amma a yi adalci. Ba na cikin masu cewa duk sabon abu sharri ne. Sababbin motoci sun fi kare rai in an yi haɗari, birkinsu ya fi, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 babu mai hankalin da zai raina motar da ta rage shan mai. Masu kukan V8 da yawa ba su ne ke cika tankinta ba. Sannan wannan kuka ba yau aka fara shi ba. Lokacin da Peugeot 504 ta Kaduna ke mulkin hanya, wadda aka fara harhaɗa motocin kamfaninta a can tun 1975, da motoci masu injekta suka fara shigowa haka aka yi ta cewa ba za su yi ƙarko ba, kafireto ne gaskiya. Yau yaron gareji ma yana wanke injekta. In kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza. Sai dai kada a ce mana sabo ba ya kuskure. A 2024 kamfanin Toyota da kansa ya janye motoci sama da dubu 100 a Amurka, Tundra da Lexus LX, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin irin wannan injin V6. Can an kira masu su an gyara musu kyauta. In a hannu na uku ta iso Kamba, wa zai kira ka?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mota mai sauƙin gyara ba ta ɓace daga duniya ba. Land Cruiser 70 da aka fara a 1984 har yau ana ƙera ta, domin masu haƙar ma'adinai a Ostareliya da ƙungiyoyin agaji sun ƙi rabuwa da ita. Akwai ma kamfani a Gibraltar da aikinsa ke nan, tanadar wa Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji irin waɗannan fararen motoci marasa tarkace, wasunsu da tsohon injin gas ɗin nan 1HZ mai silinda shida, wanda ba ya tsoron man ƙauye. A ƙarshen 2023 kuma Toyota ya fitar da Hilux Champ a Thailand, akori-kura mai arha da aka yi domin manomi da ɗan kasuwa. Ashe ke nan kamfani na iya yi, in mai saye ya buɗe baki ya faɗi abin da yake so. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai ka nema.

To wane ne babban mai sayen sabuwar jif a Najeriya? Gwamnati. Kuma me take nema? Kowa ya tuna 2023, lokacin da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya manyan motoci, rahotanni suka ce kowace ɗaya ta kai wajen naira miliyan 160. Da aka yi surutu, hujjar da aka kawo daga majalisar ita ce hanyoyinmu ba su da kyau. Jama'a, ku ji fa. Wanda ke da ikon sa hanya a kasafi shi ne ke sayen motar tsallake ramin. Wannan ɗabi'a ta sauko har ƙasa, kowane mai muƙami so yake a gan shi cikin baƙar jif mai baƙin gilashi, ita kuwa motar aiki a sayo duk wadda ɗan kwangila ya ga dama.

Shawarata ga masu sayen motar gwamnati, daga jiha har ƙaramar hukuma: kafin a sa hannu a yi tambaya uku. A ina za a gyara ta? A ina ake samun kayanta, kuma cikin kwana nawa? Za ta ɗauki man da ake samu a inda za ta yi aiki? In amsar ita ce Abuja, to a bar ta a Abuja. A sa horar da makanikai da na'urar binciken mota cikin kwangilar tun farko. Kuɗin jif ɗaya ta alfarma zai sayi motocin aiki fiye da ɗaya, ya rage na gyara. In kuma za a gwada na gida irin su Innoson ta Nnewi, a gwada su da wannan ma'aunin, ba don kishin ƙasa kawai ba.

Ga mai saye da kuɗin guminsa: kada girman allo ya ruɗe ka. Kafin ka je wurin dillali, fara zuwa wurin bakanikenka ka tambaye shi wadda ya iya. Ka duba wace ƙasa aka ƙera wa motar, domin ta Turai da ta yankinmu ba ɗaya ba ne ko da suna ɗaya. Ka riƙa canza matatar mai a kan kari. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ga ƙannenmu matasa kuwa, wallahi ga sana'a nan tana kiran ku. Motocin kwamfuta suna tafe, ko muna so ko ba ma so. Yaron da ya haɗa ilimin makaranta da na gareji, ya iya karanta na'urar bincike, ya iya bin waya kamar rewaya, nan da 'yan shekaru daga Gaya da Malanville za a riƙa neman sa. Iyayen gareji kuma ku daure ku bar yaran su koyo, ba raini ba ne.

Ni ma'aunina ɗaya ne. Motar daji ita ce wadda za ta kai ka, ta dawo da kai, in kuma ta lalace a gyara ta a inda ta lalace. Wadda ba ta cika wannan ba, ko nawa aka saye ta, motar birni ce mai dogayen ƙafafu.

Direbobi da makanikai, ku kuka fi mu sanin hanya. Wace mota ce ta fi ba ku wahala a 'yan shekarun nan, wacce kuma ta fi riƙe amana? Ku faɗa mana a ƙasa, a yi gardama cikin mutunci, ban da zagi.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya ba shugabanninmu ikon gyara su. Amin.