Filin Mata: Lauyoyin Da Ba Su Karɓar Ko Kwabo

'Yan'uwana mata, zancenmu na wannan mako a kan gona ne da shari'a. Duk wadda ta san ƙasar Dambatta da Bichi da Makoɗa ta san ba sauran daji a can. Gona na jingine da gona, gida na kallon gida. In maigida ya rasu, 'yar gonar da ya bari ita ce dukiyar, a kanta kuwa rigima ke tashi. Shari'a ta riga ta yanke: 'ya mace tana da rabin rabon ɗa namiji, matar mamaci kuma tana da tumuni, watau kashi ɗaya cikin takwas, in akwai 'ya'ya. Amma sau da yawa sai 'yan'uwa maza su ce za su riƙe mata. Su yi ta noma shekara da shekaru, ita ko damin gero ba ta gani. In ta ce za ta kai ƙara, sai a ce mata lauya na mai kuɗi ne.

To, ba haka ba ne. Tun 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar taimakon marasa hali a shari'a, wadda ake kira Legal Aid, tana da ofis a Kano. Suna ba da shawara kyauta, suna kuma sulhu. Akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA, wadda aka buɗe reshenta na Nijeriya a 1964, aikinta tsaya wa mata da yara ba da biya ba. Lauyar FIDA ce ta tsaya wa yarinyar nan 'yar shekara 14 da aka gurfanar a babbar kotu ta Gezawa a 2014 bisa zargin kisan mijinta, har gwamnati ta janye ƙarar a 2015.

Za ku ce, me ya sa mutum zai sha wahalar karatu, sa'an nan ya yi aiki ba a biya shi ba? Waɗansu domin lada suke yi, da kuma sanin ciwon talaka. Hauwa Ibrahim 'yar ƙauye ce daga Gombe. Tana cikin lauyoyin da suka tsaya wa Amina Lawal a Katsina ba ta karɓi kuɗi ba, har kotun ɗaukaka ƙara ta sallame ta a 2003.

Akwai wani dalili kuma da ba a cika faɗa ba. Dokar 2011 ta ce lauyan da ke neman muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, watau SAN, sai ya nuna ya yi shari'a uku kyauta a shekarar da ta gabaci neman nasa. Sababbin lauyoyi masu bautar ƙasa kuwa da irin wannan aiki suke gogewa. Ni ban ga aibu a nan ba. Shi ya sami muƙaminsa, ke ki sami gonarki. Amfanin sanin haka shi ne kada ki shiga ofishinsu kina sunkuyar da kai kamar mai bara. Suna bukatar ƙararki yadda kike bukatar bakinsu.

Amma fa lauya ba ya ƙaga shaida. Ki fara da mai unguwa da dagaci, su suka san iyakar kowace gona. In kuma alƙali ya yi hukunci ba ki gamsu ba, kada ki zauna, ɗaukaka ƙara tana da wa'adi. Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Ku ɗauki takarda ku rubuta wa iyayenku mata shekarar da aka yi rasuwa, da sunayen magada duka, da maƙwabtan gonar gabas da yamma, kudu da arewa, da sunan dattijon da ya ga ana nomanta. Wannan takarda ita za a fara miƙa wa lauya.