Kurfai: ƙasar noma na ƙarewa, amma ba haihuwar talaka ce ta ɗumama duniya ba

Tun ranar 15 ga watan Nuwamban 2022 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa mutanen duniya sun kai biliyan 8, duk taron da aka yi kan yawan jama'a sai an ambaci Nijar. A lokacin samun 'yancin kai a 1960 ƙasar ba ta kai mutum miliyan 4 ba. Ƙidayar 2012 ta nuna sama da miliyan 17, yau kuma an haura miliyan 25. Daga nan wasu ke yanke hukunci cewa haihuwar talaka ce ke lalata muhalli. Duk wanda ya san ƙasar Kurfai, a yankin Filinge na jihar Tilaberi, ya san wannan hukunci bai cika ba.

A batun ɗumamar yanayi, hayaƙin da ɗan Nijar ke fitarwa a shekara kusan kashi ɗaya cikin goma na tan guda ne, yayin da na Ba'amurke ya haura tan 13. Ke nan ƙauye mai mutum ɗari a Kurfai bai kai Ba'amurke ɗaya gurɓata iska ba. A 2009 a Kopenhagen manyan ƙasashe suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara ga ƙasashe masu tasowa kafin 2020, ba su cika ba sai a 2022. Wanda ya yi jinkirin biyan bashinsa bai kamata ya fara da wa'azin ƙayyade iyali ba.

Sai dai wannan hujja ba ta ƙara wa manomin Cikal, hedikwatar ƙaramar hukumar Kurfai ta Tsakiya, ko taki ɗaya a gonarsa. Kurfai tana bakin iyakar inda noman damina ke yiwuwa, ruwanta kaɗan ne, kuma ba ya zuwa kan lokaci. A da magidanci kan noma gona 'yan shekaru, ya bar ta saura ta huta, ya koma wata. Yanzu gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta tsakanin 'ya'ya, an sake raba ta tsakanin jikoki, babu sauran hutu. Ƙasar da ba ta hutawa kuma ba ta samun taki, damin geronta raguwa yake yi. Idan rumbu ya ƙare tun kafin bazara, sai a sare itace a sayar, sai noma ya ci burtali, sai rigima ta tashi da makiyaya Fulani da Buzaye, sai samari su tafi cin rani Yamai ko Kwatano ko Abijan. Ga kuma rashin tsaro a yankunan Abala da Banibangu da ya raba mutane da gonakinsu, ya tura su garuruwan da su ma ƙasar ta yi musu kaɗan.

Saboda haka musun cewa yawan jama'a na matse Kurfai yaudarar kai ne. Tambayar ita ce me ya kamata a sa a gaba.

Na farko, gyaran ƙasa, domin Nijar ta riga ta gwada ta ga amfaninsa. Bayan farin 1984, manoman Maradi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tohonsa a rene shi ya zama itace. An kiyasta cewa hakan ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, a yankunan da suka fi Kurfai cunkoson mutane. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya ba gero taki, ya ba dabbobi abinci da rani. A jihar Tawa kuma tassa da rabin wata sun mai da fako gona. Duk waɗannan ayyuka ne masu buƙatar hannu da yawa, kuma hannun nan shi ne abin da Kurfai ke da shi. Idan aka biya samari aikin gyaran fako da rani, aka taimaka wa mata da rijiyoyin lambu a kwarin Dallol Bosso inda ruwa ya fi kusa, cin rani zai ragu. Tashar kiwo ta Tukunus, wadda ta yi suna da shanun Azawak, tana nan kusa. Ya kamata amfaninta ya isa garken talaka.

Na biyu, karatun 'ya mace. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar na haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, kuma kusan uku cikin 'yan mata huɗu ana yi musu aure kafin shekara 18. A binciken 2021 adadin haihuwar ya sauko zuwa 6.2, ba tare da an tilasta wa kowa ba. A ko'ina cikin duniya, idan yarinya ta daɗe a makaranta, iyaye kuma suka tabbata jariransu za su rayu, iyali da kansu ke ba da tazara. Tazarar haihuwa don lafiyar uwa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, shi ya sa ake gudun kwanika tun zamanin kakanni. Makarantar kwana ta 'yan mata da ɗakin shan magani mai ungozoma sun fi duk wani taron faɗakarwa tasiri.

Hukumomin Yamai da na Filinge, sarakunan Kurfai da malamai, kowa da rawar da zai taka: tsaron da zai bar manomi ya shiga gonarsa, kwamitocin filaye da za su kare burtali, da kasafin da zai kai makaranta ƙauye. Masu ba da tallafi kuma su riƙa tuna cewa kuɗin sauyin yanayi haƙƙi ne da suke biya. Yaran da za su gaji gonakin Kurfai an riga an haife su, kuma kowace daminar da ta wuce ba a gyara ƙasa ba, rabonsu ƙara raguwa yake yi.