Digiri a hannun na'ura: Wa zai biya kuskuren da ba na ɗalibi ba?

A kakar da ta wuce na je gida Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, sai na tarar da ɗan yayana a gona yana taya mahaifinsa ɗaurin dawa, alhali duk dangi mun saki jiki cewa yana sansanin masu yi wa ƙasa hidima. Da na tambaye shi dalili, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baffa ban faɗi ko kwas ɗaya ba. Kwamfuta ce ta ce akwai wani kwas mai yunit biyu da ban yi ba, ni kuwa ban taɓa ganinsa a jerin da ake ba ni in yi rajista ba."

Yaron da takardar NCE ya shiga jami'a, don haka kai-tsaye aka sa shi aji biyu. Dokar makarantarsu ta wajabta wa irinsu su koma su ɗauki wani darasin bai-ɗaya na aji ɗaya, amma shafin rajista bai taɓa nuna masa ba. Sai da ya gama shekara uku, aka zo tantance masu fita, sannan na'urar ta tuna. Darasin kuwa a zangon farko kaɗai ake koyar da shi, saboda haka sai jiran shekara guda. Ba zan ambaci sunan jami'ar ba, domin matsalar ta wuce ta makaranta ɗaya.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda wannan na'ura take yanke hukunci. Manhajar kwamfutar da jami'o'i ke tantance cancantar digiri da ita ba ta san ɗalibi ba, ba ta kuma san ƙoƙarinsa ba. Abubuwa ƙalilan take dubawa a bayanansa: fannin da yake karantawa, shekarar da aka ɗauke shi, da ƙofar da ya shigo, wato ko ta jarrabawar JAMB zuwa aji ɗaya ko kai-tsaye zuwa aji biyu. Da waɗannan take zaɓo jerin sharuɗɗan da ya dace da shi, ta rataya masa: kwasa-kwasan dole, da na zaɓi, da na bai-ɗaya, da jimillar yunit ɗin da zai tara. A bisa al'ada, mai digirin shekara huɗu yana bukatar aƙalla yunit 120, wanda ya shigo aji biyu kuma 90, sannan a kowane zango ba a yin ƙasa da 15 ko sama da 24. A ƙarshe sai ta ɗauko sakamakonsa ta gwada da jerin, duk gurbin da ta gani babu komai ta ce bai cancanta ba.

Ke nan idan magatakarda ya yi kuskure wajen shigar da shekarar ɗauka, ko aka manta ba a nuna ɗalibi ya sauya sashe ba, ko aka canza lambar kwas ba a gaya wa na'ura cewa tsohon daidai yake da sabon ba, to za ta yi ta auna yaro da mudun da ba nasa ba har ya gama. Mafi muni shi ne inda shafin rajista ke aiki da jeri ɗaya, masu tantance fita kuma suna aiki da wani. Kwamfuta ba ta ƙarya, amma labarin da aka ba ta shi take maimaitawa.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne sauyin manhajar karatu da aka yi a ƙasar nan. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta fitar da mizanin karatu na farko a 1989, ta sabunta shi a 2007 da wanda ake kira BMAS. A watan Disamban 2022, zamanin shugabancin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, tsohon Shugaban Jami'ar Bayero, ta ƙaddamar da sabon tsarin CCMAS, wanda a cikinsa hukumar ke tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, kowace jami'a ta cike sauran kashi 30, aka kuma umarci a fara aiki da shi daga Satumban 2023. Sauyi irin wannan yana nufin tsohon tsari da sabo su zauna tare a sashe ɗaya na wasu shekaru. Wanda ya shigo a tsohon tsari, ya faɗi wani kwas ko ya jingine karatu saboda rashin lafiya ko rashin kuɗi, yana iya dawowa ya tarar an soke kwas ɗin, ko an haɗe shi da wani, ko an rage masa yunit. Da wane jeri za a auna shi? Ga kuma ruɗanin da annobar korona da yajin aikin ASUU na 2020 da na wata takwas a 2022 suka jawo, inda wasu jami'o'i suka soke shekarar karatu, wasu suka haɗe ɗaukar ɗalibai na shekara biyu, har "shekarar shiga" da na'ura ta dogara da ita ta zama abin jayayya.

Kada a ɗauka ina kiran a koma zamanin fayil da biro. Duk wanda ya yi jami'a a wancan lokaci ya san yadda sakamako ke ɓata a durowa, da yadda lissafin hannu ke buɗe ƙofar alfarma. Na'ura ta toshe da yawa daga cikin waɗannan, kuma ba ta san ɗan wane ba. Haka nan in ɓera da sata, daddawa ma da wari: ɗalibai da dama ba sa buɗe littafin dokokin sashensu, wasu ma sai su miƙa wa mai shagon intanet lambar sirrinsu ya cika musu rajista yadda ya ga dama. Wanda ya yi sakaci irin wannan ya kuka da kansa. Maganata a kan wanda ya bi duk abin da jami'a ta nuna masa ne, jami'in kula da ajinsu ya sa masa hannu a takardar rajista kowane zango, sannan ranar fita a ce masa ya yi giɓi.

A ofis yunit biyu ne kawai, a Zakirai kuwa shekara ce guda. Ƙasarmu ta yi cunkoso, gonaki sun tsattsage da rabon gado, abin da magidanci ke nomawa na gero da dawa da wake da gyaɗa da ƙyar yake kai shi wata damina. Kuɗin rajistar ƙarin shekara, da na haya, da na mota zuwa birni, daga rumbu suke fitowa ko daga turken akuya, wani lokaci ma sai an jinginar da gona. Wanda kuma ya biyo ta NCE yawanci shekarunsa sun ja, jinkirin shekara ɗaya na iya tsallakar da shi 30, a ba shi takardar yafe hidimar ƙasa, ya rasa alawus ɗin shekarar da ya yi niyyar yin jari da shi. Ɗan birni yana da wanda zai shiga ofis ya yi magana dominsa. Ɗan manomi sai dai ya ce ƙaddara ce, ƙannensa kuma su ji karatun ya fita daga ransu.

Maganin ba boyayye ba ne. A Amurka, inda aka daɗe ana amfani da manhajoji irin su Degree Works, ɗalibi na iya buɗe shafinsa kowane lokaci ya ga abin da ya cika da abin da ya rage, kuma galibi sharuɗɗan shekarar da ya shiga su ne ke binsa har ya fita. Abin da nake roƙon majalisun jami'o'inmu, daga Kano da Wudil zuwa Dutse da Zariya, bai wuce haka ba. Na farko, ranar da aka rantsar da ɗalibi a ba shi cikakken jerin sharuɗɗan digirinsa a rubuce, da hatimin sashe, ya zama alkawari tsakaninsa da jami'a. Na biyu, jerin da ake rajista da shi ya zama shi ne ake tantance fita da shi, kuma a riƙa tantancewar a ƙarshen kowace shekara, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, duk sashen da ya sauya kwas ya wallafa wane ne ya maye gurbin wane, kafin a taɓa na'ura. Na huɗu, idan bincike ya nuna kuskuren daga jami'a yake, to ita za ta ɗauki nauyinsa, ta shirya wa ɗalibi darasin da jarrabawarsa cikin hutu ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ita ma NUC, idan ta zo tantance kwasa-kwasai, ta riƙa tambayar ɗalibai nawa aka riƙe saboda irin wannan giɓi, da wanda ya jawo shi.

Ga 'yan uwana malamai da ma'aikata da ke karanta wannan shafi, kusan kowannenmu yana da ƙani ko ɗa a jami'a. Kada mu tsaya a tambayar "ka ci jarrabawa?" Mu ce ya kawo takardun rajistarsa da littafin sashensu mu gwada tare tun yana aji ɗaya.

Ɗan yayana ya koma makaranta, mahaifinsa ya sayar da buhunan gyaɗar da ya ajiye don taki. Har yau babu wanda ya ce masa "yi haƙuri, laifinmu ne." Allah Ya ba shugabannin jami'o'inmu ikon riƙe amanar 'ya'yan talakawa, amin.