Tsohuwar Fijo da hasken da ke dushewa a gosulo

A daminar bana, wani dare bayan sallar isha'i, gosulo ya tsare ni a kan titin Katsina da ke Kano, ina cikin Peugeot 504 ɗin da na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Ruwa na zuba, fitilu a kunne, waifa na kai da komo, fankar lantarkin da aka ƙara wa lagireto tana juyawa. Ina kallo hasken fitilun ya soma komawa ja, kamar aci-balbal da mai ya ƙare mata. In na taka totur sai ya dawo, in na ɗaga ƙafa sai ya dushe. Da tsayuwa ta yi tsawo na kashe injin, da na zo tayarwa kuwa kik ya yi ƙas-ƙas ya yi shiru. Wasu samari ne suka tura ni cikin ruwan nan.

Washegari shawara iri biyu na sha: wasu suka ce in sayi sabon batir, wasu suka ce in ɗaura babbar altaneta mai amfiya 120 in huta. Batir dai na riga na sayi biyu cikin shekara ɗaya da rabi, don haka na san ba nan gizo ke saƙar ba. Batir randa ne, altaneta ce rijiyar da ke cika shi. Idan ana ɗiba fiye da yadda ake zubawa, kowace randa aka kawo ƙarshenta ta bushe. Batirin da ya daɗe bai cika ba kuwa farantan cikinsa kan lalace, zafin garinmu kuma ya ƙarasa shi.

Ya kamata mai karatu ya tuna zamanin da aka ƙera motar. A 1968 ta fito a Faransa, a 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. A lokacin, lantarkin da mota ke ci bai wuce na fitilu da koyil da waifa da rediyo ba, tituna kuma a buɗe suke. Altanetar motocin wancan zamani yawanci tsakanin amfiya 35 da 50 take, kuma tana wadatarwa. Yau mun ƙara fanka da amsa-kuwwa da cajar waya, wasu har da na'urar sanyaya, sannan mun kai motar inda za ta shafe awa guda tana tafiyar hawainiya.

Abin da masu sayar da kayan gyara ba su cika faɗa ba shi ne, lambar da ke jikin altaneta ƙarfin da take bayarwa ne idan tana juyawa da sauri, wajen sau 6,000 a minti. A silo inji na juyawa wajen sau 800 zuwa 900, bel ya ninka wannan sau biyu ko ɗan fiye, altaneta ta tsaya a wajen 2,000 ko ƙasa da haka. A nan rabin ƙarfinta take bayarwa, wani lokaci ma bai kai ba. Sai mu yi lissafi: manyan fitilu biyu masu wat 55 kowace suna cin amfiya 8 zuwa 9, fanka ta ci 10 ko fiye, koyil da waifa da ƙananan fitilu su ci wajen 10. An doshi 30 ke nan. Idan altaneta na ba da 20, ragowar 10 daga batir ake zara, minti bayan minti, har ya ƙare.

Wani dattijo mai gyaran wayar mota ne ya fahimtar da ni wannan. Da na ce masa babbar altaneta nake so, sai ya ce, "Alhaji, bari mu tambayi motar tukuna." Ya ɗauko mita. Cikakken batir, inji a kashe, bolt 12.6 yake nunawa, nawa 12.1 ya nuna. Inji na aiki, ana son a ga tsakanin 13.8 da 14.4, tawa a silo, komai a kunne, 12.3 ta tsaya, sai an taka totur take haurawa 14. Ya auna tsakanin bakin altaneta da kan batir, ya tarar wajen rabin bolt na salwanta a tsohuwar waya da mahaɗai masu tsatsa. Bel ɗin ma ya saki, ya yi santsi.

Ya kuma nuna mini abin da ban taɓa sani ba. Jar fitilar nan mai hoton batir da ke dashbod, ta cikinta ɗan lantarkin da ke tayar da altaneta yake bi. Idan ƙwanta ya mutu, ko aka musanya shi da na zamani mai cin wuta kaɗan, altaneta na iya ƙin fara caji sai an ba inji wuta sosai. Mutum sai ya zubar da lafiyayyar altaneta saboda ƙwan da bai kai kuɗin kwanon abinci ba.

Na ce, "Baba, ai na ga wasu na cire kan batir inji na aiki don su gwada caji." Ya girgiza kai. Batir ne ke danne hawa da saukar wuta. Idan aka cire shi, wutar na iya yin tsalle ta ƙona dayod da katawut, mai gwaji ya kashe abin da ya zo dubawa.

A ƙarshe mun canza altanetar, amma mai amfiya 70 muka saka, ta zamani mai katawut a cikinta, wadda ke fara caji tun tana juyawa a hankali. Muka cire tsohon katawut na waje, muka sa mata fuli ɗan ƙarami don ta ƙara sauri a silo, ba ƙanƙane ainun ba, don kada bel ya rasa kamu ko ta yi gudun wuce kima a babbar hanya. Muka ja sabuwar waya mai kauri daga altaneta zuwa batir, da fiyus kusa da batir, muka sabunta wayar da ke haɗa batir da jikin mota da inji. Yanzu a silo, komai a kunne, mita na nuna 13.9.

Batun wayar nan shi ya fi damuna, shi ya sa ma na rubuta wannan. Altaneta mai amfiya 120 a kan wayar da aka ja shekaru arba'in da suka wuce don ɗaukar 40 haɗari ce. Ranar da batir ya yi sanyi, altaneta za ta tura duk abin da take da shi, wayar ta yi zafi, robarta ta narke, ga fetur a kusa, ga iyali a cikin mota. Banda haka, bel guda siriri yakan zame idan nauyi ya yi yawa, kuma akwai altanetocin da aka sake wa naɗi don su ba da babbar lamba, amma a silo ba su kai matsakaiciya ba.

Akwai masu ganin cewa duk wani canji ɓata asalin mota ne, kuma ina girmama ra'ayinsu. Shi ya sa ban yarda an huda ko an yanke komai ba, tsohuwar altanetar kuma tana ajiye a gida, duk ranar da aka so a mayar. Sai dai motar da ake tsoron fita da ita da dare ta zama kayan kallo, mahaifina kuwa don hawa ya saye ta.

Shawarata ga mai tsohuwar mota, Fijo ce ko Marsandi ko Beetle, ita ce kada ya biya kuɗin komai sai an auna a gabansa, a silo, fitilu da fanka a kunne. Mita ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba, ni kuwa biyu na zubar kafin in koyi wannan. Mai gyaran da ya ƙi ɗauko mita, a gode masa a nemi wani. Allah Ya kiyaye mu a hanyoyinmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.