FASHIN BAƘI: Rena Wakama, mataimakiyar kocin jami'a da Najeriya ke aro tana ciyo mata kofi

A ƙarshen watan Yunin 2023, lokacin da Hukumar Ƙwallon Kwando ta Najeriya, NBBF, ta bayyana Rena Wakama a matsayin sabuwar kociyar ƙungiyar mata ta ƙasa, D'Tigress, shekarunta 31, kuma ba ta taɓa riƙe wata ƙungiya a matsayin babbar kociya ba. Abin da ke cikin takardunta shi ne shekaru shida a Kwalejin Manhattan da ke unguwar Bronx a birnin New York, sai sabon aikin mataimakiya da ta samu a Jami'ar Stony Brook watanni kaɗan kafin nan. Saura ƙasa da wata guda a fara gasar cin kofin Afirka a Kigali.

Shekaru biyu bayan haka, ta ɗauki kofin Afirka sau biyu, ta kai Najeriya matakin da babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa takawa a gasar Olamfik, kuma Hukumar Ƙwallon Kwando ta Duniya, FIBA, ta zaɓe ta gwarzuwar kociya a ɓangaren mata na gasar Paris. A duk tsawon wannan lokaci, aikin da take ci da shi a Amurka bai wuce na mataimakiya ba. Wannan yanayi yana da bayani, kuma bayanin bai yi wa masu riƙe da wasanni a Najeriya daɗi ba.

An haifi Wakama a Raleigh, jihar North Carolina, cikin 1992, iyayenta 'yan asalin Okrika ne a Jihar Ribas. Ta yi wa Jami'ar Western Carolina wasa shekaru huɗu. Ta kasance tare da tawagar D'Tigress a gasar Afirka ta 2015 a Kamaru, inda Najeriya ta zo ta uku, ta kuma taɓa saka rigar ƙungiyar First Bank ta Legas. Ba ta yi suna a fili ba. Sunanta ya fara fitowa ne daga bayan benci.

Aikin da ba ya fitowa a talabijin

Da ta shiga Manhattan a 2017, ba a matsayin kociya aka ɗauke ta ba. Shekaru biyun farko ta yi su ne tana daraktar gudanarwa ta ƙungiyar, muƙamin da sunansa ya fi aikinsa ƙyalli. Mai riƙe da shi ne ke neman mota da masauki, da tsara abinci, da lissafin kuɗin tafiya, da tabbatar da cewa riguna da ƙwallaye sun iso kafin 'yan wasa. Idan komai ya tafi daidai ba wanda zai tuna da shi. Idan motar ta makara, kowa ya san sunansa. A shekara ta uku ne babbar kociya Heather Vulin ta ɗaga ta zuwa mataimakiya.

A tsarin jami'o'in Amurka, mataimakan koci ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin yau da kullum. Su ke zagaya makarantun sakandare da gasannin bazara suna farautar 'yan mata masu hazaƙa, su zauna da iyaye, su shawo kansu. Su ke kwana a gaban bidiyon abokan hamayya suna fitar da rahoto: wace ce ke jifa daga nesa, wace ce ba ta iya juyawa hagu, wane tsari suke bi idan lokaci ya ƙure. Su ne kuma ke bibiyar karatun 'yan wasa, domin dokar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ba ta yarda ɗalibar da sakamakonta ya faɗi ƙasa da ƙa'ida ta shiga fili ba. A ƙaramar makaranta irin Manhattan, wadda ba ta da kuɗin manyan jami'o'i kamar Connecticut ko South Carolina, farautar ta fi wahala, domin sai manya sun gama zaɓe kafin ƙanana su tsinci abin da ya rage. Wanda ya iya wannan aiki ya koyi gano baiwar da wasu suka tsallake.

Manhattan ta kai wasan ƙarshe na gasar rukuninta, MAAC, sau biyu a jere, a 2022 da 2023. Fairfield ta doke ta a na farko, Iona a na biyu. A Stony Brook, ƙarƙashin Ashley Langford, ƙungiyar ta ci wasanni 28 a kakar 2023 zuwa 2024, ta gama a saman teburin rukunin CAA, sannan Drexel ta hana ta kofi a wasan ƙarshe. Da Langford ta koma Jami'ar Tulane a New Orleans cikin 2024, domin maye gurbin Lisa Stockton wadda ta yi ritaya bayan shekaru 30, sai ta tafi da Wakama. Abin lura a nan: wasan ƙarshe uku a jere a jami'a, babu kofi ko ɗaya. Wanda ya auna ta da wannan ma'auni kaɗai ba zai ba ta ƙungiyar ƙasa ba.

Ƙungiyar da ta gada

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba kango ta tarar ba. D'Tigress ta riga ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere kafin zuwanta: a 2017 ƙarƙashin Sam Vincent, sai 2019 da 2021 ƙarƙashin Otis Hughley. Tun daga 2015 babu wata ƙasar Afirka da ta doke ta a wannan gasa. Masu cewa ta hau dokin da wasu suka horar suna da abin kamawa.

Sai dai dokin ya sha wahala kafin ya zo hannunta. A Oktoban 2021, jim kaɗan bayan sun ci kofi, 'yan wasan suka fitar da bidiyo suna ƙorafin alawus-alawus da kuɗin ihsanin da suka ce ba a biya su ba. A farkon 2022 hukumar NBBF ta dare gida biyu, ɓangaren Musa Kida da na Igoche Mark, kowanne da nasa zaɓen. A watan Mayu na wannan shekara gwamnatin Muhammadu Buhari, ta hannun Ma'aikatar Wasanni da Sunday Dare ke jagoranta, ta sanar da janye Najeriya daga duk gasannin ƙwallon kwando na ƙasa da ƙasa na tsawon shekaru biyu. Ba a yi wata biyu ba aka janye umarnin, amma aikin gama ya gama: FIBA ta riga ta miƙa wa Mali gurbin da 'yan matan suka samu da guminsu a gasar cin kofin duniya ta Sydney. Rikicin manya ne, yara suka biya.

Cikin wannan ƙura Wakama ta karɓi aiki. Hukumar ta kira gwajin 'yan wasa a buɗe a Chicago da Legas da Abuja, matakin da ya ɓata wa wasu tsofaffin 'yan wasa rai, har Oderah Chidom ta sanar da cewa ta daina yi wa ƙasa wasa. Tawagar da ta tafi Kigali cike take da sababbin fuskoki. Ranar 5 ga Agusta, 2023, ta doke Senegal da ci 84 da 74, Amy Okonkwo ta zama gwarzuwar gasar, Wakama kuma ta zama mace ta farko da ta ɗauki wannan kofi a matsayin kociya.

A nan ne shekarun Manhattan suka yi rana. Abin da aka nema daga gare ta a makonni huɗun nan, wato zaɓen 'yan wasa daga tarin waɗanda ba a sani ba, da haɗa su cikin gaggawa, da haƙuri da tsarin tafiya mara tabbas, shi ne ainihin abin da ta shafe shekaru shida tana yi. Kocin da ya saba da ofis mai ma'aikata goma da jirgin haya zai iya tsayawa jiran abin da ba zai zo ba. Wadda ta taɓa neman mota da kanta ba ta jira.

Lille da Paris

Kofin Afirka za a iya cewa gado ne. Abin da ya faru a Faransa cikin 2024 ba wanda ya bar mata shi. Kafin nan, nasara ɗaya tak Najeriya ke da ita a tarihin ƙwallon kwandon mata na Olamfik, wadda ta samu kan Koriya ta Kudu a Athens a 2004. A Tokyo an doke ta a duka wasanni ukun da ta buga. Ko a gasar neman gurbi da aka yi a Antwerp ta Beljiyam a Fabrairun 2024, Amurka ta lallasa ta da ci 100 da 46. Nasarar da ta samu kan Senegal ce ta ba ta tikiti.

Tafiyar ma ba ta fara da daɗi ba. Kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa an hana tawagar hawa jirgin ruwan Najeriya a bikin buɗe gasar a Kogin Seine, bayan sun yi tattaki tun daga Lille. Kwana uku bayan haka suka doke Ostireliya, wadda ke ta uku a duniya, da ci 75 da 62. Ba sa'a ba ce: matsin tsaron da suka yi tun daga tsakiyar fili ya sa Ostireliya ta zubar da ƙwallo sau 26. Faransa ta doke su 75 da 54, suka dawo suka fitar da Kanada da ci 79 da 70, inda Ezinne Kalu ta ci maki 21. A wasan daf da na kusa da na ƙarshe Amurka ta yi nasara da 88 da 74. Tazarar da ta kai maki 54 a Fabrairu ta dawo 14 a Agusta, kodayake an fi rage ta ne a zangon ƙarshe, lokacin da Amurka ta riga ta tabbatar da nasararta. Ƙasashe ukun da suka ɗauki lambobin gasar, Amurka da Faransa da Ostireliya, duk Najeriya ta kara da su, ta kuma doke ɗaya. Bayan gasar ta hau matsayi na takwas a jadawalin FIBA.

A Abidjan, ranar 3 ga Agusta, 2025, D'Tigress ta doke Mali da ci 78 da 64, ta ɗauki kofi na biyar a jere, na bakwai jimilla. Washegari Shugaba Bola Tinubu ya yi alƙawarin kwatankwacin dala 100,000 ga kowace 'yar wasa, da dala 50,000 ga kowane ɗaya daga masu horarwa, da gidaje, da lambar girmamawa ta OON.

Wa ke biyan kuɗin horon?

Kyautar fadar shugaban ƙasa tana zuwa ne bayan an ci. Abin da ke samar da cin, wasu ne ke biyan kuɗinsa. Jami'o'in Amurka ne suka koya wa Wakama aiki, su ne kuma suka riƙe ta da albashi a watannin da babu gasa. Haka lamarin yake ga da yawa daga cikin 'yan wasan: Okonkwo da Kalu a Amurka aka haife su, a jami'o'inta suka yi wasa. Tushen wannan tsari dokar Title IX ce ta 1972, wadda ta haramta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayyar Amurka nuna bambancin jinsi, abin da ya tilasta musu zuba kuɗi a wasannin mata. Najeriya na girbin gonar da wata ƙasa ta share fiye da shekaru hamsin da suka wuce.

Ba laifi ba ne ƙasa ta amfana da 'ya'yanta da ke waje. Matsalar ita ce kayan aro ba ya rufe katara. Kwantiragin da aka sanar a 2023 na shekaru biyu ne, kuma Wakama ba ta bar aikinta na Amurka ba. Lokacin da take jami'a, jadawalin yana da ɗan sauƙi, domin kakar jami'o'i daga Nuwamba zuwa Maris take, manyan gasannin ƙasa kuma a tsakiyar shekara, duk da cewa gasar Antwerp ta faɗo mata a tsakiyar kakar Stony Brook. A farkon 2025 ta koma Chicago Sky a gasar ƙwararru ta WNBA, mataimakiya ga Tyler Marsh. Ita WNBA daga Mayu take farawa ta kai kaka, wato daidai lokacin da Najeriya ta fi buƙatar kociyarta. Gasar Abidjan ta zo ne ana tsakiyar kakar Chicago. Daga baya kuma gasar Unrivaled ta 'yan uku-uku ta ba ta ƙungiyar Hive, karon farko da aka damƙa mata babbar kujera a Amurka. Duk matakin da ta hau can, lokacin da za ta iya bai wa Najeriya raguwa yake yi.

A gida kuwa, babu tsanin da ta hau. Gasar mata ta ƙasa, wadda Bankin Zenith ya daɗe yana ɗaukar nauyi, ana buga ta ne zango-zango cikin 'yan makonni, ba kaka mai tsawo da za ta riƙe koci da mataimakansa aiki shekara guda ba. Murjanatu Musa ta nuna cewa gasar na iya fitar da 'yar wasa, tunda daga nan ta tashi har ta kai WNBA. Fitar da kociya wani abu ne daban, domin yana buƙatar shekaru na zama kusa da wanda ya iya, da albashin da zai hana mutum neman wata sana'a. Zariya, garin da Masai Ujiri ya tashi ya koyi ƙwallon kwando kafin ya jagoranci Toronto Raptors zuwa kofin NBA a 2019, tana da tarihin wannan wasa, kuma tun 2017 FIBA ta ɗage haramcin rufe kai a fili, wanda ya kasance shinge ga 'yan mata Musulmi. Amma yarinyar da ta gama wasa a Zariya ko Kano yau, tana son zama kociya, ba ta da kwatankwacin kujerar da Heather Vulin ta bai wa Wakama a 2017.

Kofin Abidjan ya bai wa Najeriya gurbi kai tsaye a gasar cin kofin duniya da aka tsara yi a Berlin ta Jamus a Satumbar 2026. Wannan ne karon farko da za ta koma gasar tun 2018, lokacin da ta kai zagayen 'yan takwas a Sifaniya, domin gurbin 2022 gwamnati ce ta zubar da shi da hannunta.