Makarantar Ɓarayi Da Sunan Wasa

A shekarar 2018 wani kamfanin ƙasar Poland mai suna PlayWay ya fitar da wasan kwamfuta da ake kira Thief Simulator, wato kwaikwayon ɓarawo. Ko sakaya sunan ba su yi ba. Mai wasan shi ne ɓarawon. Zai laɓe cikin mota a bakin unguwa yana lura da gidajen mutane, ƙarfe nawa maigida ke fita, ƙarfe nawa yake dawowa. Da gida ya zama ba kowa sai ya fasa taga ya shiga, ya kwashe talabijin da waya da kuɗi, ya kai wa mai sayen kaya. Da kuɗin ne zai sayi kayan aikin da suka fi na farko, kamar abin buɗe kwaɗo da abin yanka gilashi. Gwargwadon satarsa, gwargwadon ɗaukakar matsayinsa. Wa'iyazu billahi!

Ba a Poland abin ya faro ba. Tun a 1998 kamfanin Looking Glass na Amurka ya fitar da wasan Thief, wanda gwarzonsa wani ɓarawo ne mai suna Garrett. Makaminsa duhu ne da sanɗa. Yana kashe fitilu da kibiyar ruwa, ya lallaɓa ta bayan maigadi ya maka masa kulki a ƙeya. Hatta wuraren ibadar da ke cikin labarin ba su tsira daga hannunsa ba. An sake fitar da sababbin sa a 2000 da 2004 da 2014, kuma a na ƙarshen har gidan karuwai ake shiga da mai wasan.

Masu kare wannan abu suna cewa ai ya fi wasannin harbe-harbe, tunda a matakin ƙwararru na Thief an ma hana kashe mutum. Suna cewa yana koyar da haƙuri da lura da dabara. To, haƙurin me? Haƙurin jiran maigida ya yi barci? Lura da me? Da ƙofar maƙwabci? Ai maganar nan ita ce ta ƙara tona asirinsu. Yaro yana ganin jini ya san an yi ɓarna, zuciyarsa ta ƙi. Amma satar da aka wanke tas, aka yi ta cikin natsuwa, aka ba mai yin ta lada, ita ce ke shiga zuciya ba sallama.

Babu mai cewa duk yaron da ya taɓa wasan gobe zai haura katanga. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke tsare ɗan Musulmi daga dukiyar mutane ba kwaɗo ba ne, ba kuma ɗan sanda ba ne. Ƙyamar sata ce da tsoron Allah da aka dasa masa tun yana goye. Suratul Ma'ida aya ta 38 ta yanke wa ɓarawo hukunci mai tsanani. Suratun Nur aya ta 27 ta hana shiga gidan wani ba izini ba sallama. Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane. Wasa guda ya tattara waɗannan ukun, ya mai da su hanyar cin nasara, yaro yana maimaitawa sau ɗari yana murna. Malamin allo yana gini da safe, akwatin wasa yana rushewa da yamma.

Wani zai ce ai akwai alamar shekaru a jikin kwalin. Gaskiya ne, hukumar ESRB da aka kafa a Amurka a 1994 ta ware Thief ga ɗan shekara 17 zuwa sama. Amma ma'auninta jini ne da batsa da ashar, ba halal da haram ba. Shi ya sa wasan Sly Cooper na 2002, labarin wata 'yar dabba da ta gaji sata kaka da kakanni, ya samu shaidar dacewa da kowa, har da ƙananan yara. Hujjarsu wai miyagu kaɗai yake sata wa. Wane ɓarawo ne bai taɓa kawo wannan uzurin ba? Sannan wa ke duba kwali a gidan gem na unguwa, inda aka loda wasannin a cikin na'ura, mai shagon kuma ba abin da yake tambaya sai kuɗin awa?

A nan ne maganar ta dawo kan 'yan'uwa matasa. Mafi yawan iyaye ba su san abin da ke cikin waɗannan na'urori ba; Baba yana ganin yaro a ɗaki shiru, sai ya yi hamdala bai tafi yawo ba. Yayyen ne suka san sunan kowane wasa, su ke saukarwa, su ke miƙa wa ƙanne waya. Wanda ya fito daga masallacin Juma'a yau ya fara da tasa wayar, ya goge abin da ya san bai dace ba. Daga nan ya zauna kusa da ƙanensa ya kalli abin da yake bugawa, ya tambaye shi gidan wa yake shiga. In a shagon unguwa ne, 'yan'uwa biyu ko uku su je su sami mai shagon cikin mutunci, su nuna masa wasan da sunansa, su nemi ya cire shi daga na'urar da yara ke hawa.